Tafiyar Obadiah

Tun da ruwan kanal ya ci yayanta Obadiah, Jemima ke fama da kwamfuta, tana son ta yi hoton katun mai motsi da irin tafiyarsa. Kullum malaminta sai ya ce, "Ƙafar zamewa take. Mai rai yana sauke nauyinsa a ƙafa ɗaya kafin ya ɗaga ɗayar."

Wata magariba tana dawowa daga gonar tumatir a Kadawa, kwaɗi suka yi tsit. Wani mutum mai kamar Obadiah ya taho ta bakin kanal, ƙafafunsa na zamewa kan laka ba sawu. Ya tsaya cak, rigarsa ko kaɗawa ba ta yi ba.

Muryar ta riga leɓensa motsi. "Jemima, har yanzu ba ki gyara min ƙafar ba? Na gaji."