Ƙofar Hagu

Tun rasuwar Yaya nake ta atisayen wasan yaƙin da muke bugawa a intanet, don yana raye ban taɓa cin shi da ƙarfina ba. Jiya bayan magariba wani baƙo marar suna ya nemi mu kara. Kujerar gefena ta yi ƙara kamar an zauna.

Mama ta leƙo ta ce, "Auta, wa ya fesa turaren yayanka?"

Na mai da ido kan wasan. Baƙon ya bar ƙofar hagu ta ganuwarsa a buɗe, yadda Yaya yake min idan na kusa kuka. Na tsayar da sojojina, don ina shiga, wasan ya ƙare.

Sai rubutu ya fito: "Shigo mana, Auta. Ana jirana."