Wa Zai Ba Nep Cokalin Farko

Ni ban iya faɗa ba, amma na iya riƙo, kuma mijina Khiem ya fi kowa sani.

Autana Nep yana da wata ɗaya, muna zaune kan tabarma mun kewaye tiren abinci, surukata ta leƙa fuskarsa ta ce a danginsu kaf ba a taɓa haifar mai duhun fata haka ba, sai dai ko gidan Doan mai gyaran babur na bakin layinmu. Ina gefen tukunya, wurin zaman matar ɗa. Na dubi Khiem ina jiran ya buɗe baki. Sai ya miƙo min kwanonsa in ƙara masa shinkafa.

Na ƙara masa. Amma daga ranar ƙanzo ya zama rabonsa. In ya kai hannu zai ɗauki Nep, sai in ce ya bari kada duhun ya shafe shi. A ɗaki ya yi ta lallashi, wai Nhan hasken idona, kin san halin Inna, tsufa ne. Na ce masa a gaban tire aka zage ni, a can nake jiran amsa.

Cin abinci a gidanmu dama yaƙi ne. Babbar 'yata Mien, 'yar shekara shida, sai ta tsince albasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaninta mai suna Tun kuwa, ɗan shekara uku, ya ƙunshe shinkafa a kumatu ya ruga tsakar gida, in bi shi da kwano da jariri a kafaɗa. Kafin in zauna tawa ta huce, zuciyata ce kawai ba ta hucewa.

A wajenmu, ranar da jariri zai fara cin abinci, mai kyakkyawan ci ake nema ya ba shi cokalin farko don kada ya taso da tsirfa. Khiem shi ya ba Mien, shi ya ba Tun, kuma abin alfaharinsa ne. Da Nep ya cika wata shida na dama kunun shinkafa da kabewa, na haɗa kayana da na yara na tura ƙarƙashin gado. Na yanke cewa in yau ma ya yi shiru, motar yamma ta garinmu Nam Dinh za ta kai ni gidan iyayena. Sannan na taka da ƙafata na gayyato Doan.

Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya shigo da tumbinsa da wankakkiyar riga, yana washe baki an karrama shi. Na ɗora Nep a cinyata na miƙa masa cokali.

"Me ya kawo wannan gidana?" in ji surukata.

"Inna ce ta ga kama," na ce a ladabce. "Ni kuwa ba na musu da manya."

Har Tun ya daina tauna. Doan ya dube ni, ya dube ta, murmushinsa ya soma gushewa. Na san na zalunci mutumin nan, amma a lokacin ko a jikina. Idona na kan Khiem, don duk da abin da ya yi min ina son sa, kuma ba na son hawa motar nan.

Cokalin ya kusa bakin Nep sai Khiem ya ajiye kwanonsa. Ya ba Doan haƙuri ya karɓe cokalin. Ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna... Nep ɗana ne. Duhun nan na marigayi Baba ne, ga hotonsa can inda kike kunna masa turare kullum. Ƙazafi kika yi wa Nhan, ni kuma da na yi shiru na fi ki laifi."

Ta ce yau ɗan da ta haifa ne ke ƙaryata ta a gaban baƙo saboda mace. Ya ce ba saboda mace ba, saboda matarsa. Ta miƙe ta shige ɗakinta. Doan ma ya lalubi takalmansa ya fice, kuma sai da na yi sawu uku gidansa kafin matarsa ta amsa gaisuwata.

Khiem ya matso ya kai cokalin. Nep ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya feso masa shi a ido. Mien ta kwashe da dariya. Shi ko gogewa bai yi ba, ni yake kallo.

"Kin huce, Nhan?"

Na so in ja masa rai ko da na mako ne, amma hawaye suka tona ni.

"Ban huce ba. Sake ɗebowa kaɗan, a hankali ake ba shi... Baban Nep."

Ya sunkuyar da kai kan kwanon, kafaɗunsa na jijjiga. Yaron yana ta buɗe baki, uban ya kasa ganin inda zai sa cokalin saboda hawaye, sai da na kama hannunsa na kai masa.