Ledar da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Wata uku ke nan da Alhaji Sanda Dabo, dillalin shanu a Limawa, ya sayi motar nan ƙirar Jamus a hannun magadan wani ɗan kwangila, amma bai taɓa jin daɗinta ba. Kullum da safe sai ya tarar an ja kujerar direba baya, shi kuwa gajere ne. Ya zagi maigadi, ya canza makulli, ya kai ta wajen makanikai a Kpakungu har sau huɗu, suka ce lafiyarta ƙalau. Ledar da mamacin ya bari a kan kujeru kuwa bai cire ba, don a ce sabuwa ce. Ko hula aka ajiye mata sai ta yi ƙara.

Ran nan yana dawowa daga Wushishi bayan isha'i, wani dogon dattijo ya ɗaga masa hannu. Ya ja tsaki ya tsaya, don ba a wuce babba a daji. Dattijon ya shiga gaba, ƙamshin kafur ya cika motar.

"Alhaji, kana wahalar da ita," in ji baƙon, muryarsa kamar daga cikin tulu. "A nan giya ta huɗu take so."

"Baba, da kuɗina na saya. Ka taɓa tuƙa irinta ne?"

Baƙon ya gyara zama ya miƙe dogayen ƙafafunsa. Sai a lokacin Alhaji Sanda ya lura, tun da mutumin ya zauna ledar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

A ƙarƙashin Alhaji Sanda, kujerar direba ta fara ja baya a hankali.