Ganyen Da Aka Ce A Ƙone

Da safiyar Litinin Obadiah ya kira 'yan sanda da kansa, ko da yake ya san abin da kiran zai jawo masa.

Yana noman wiwi marar bugarwa a wata gonar haya bayan garin Barking, can ƙasar Turawa, yana tatsar mai daga irin. Lasisinsa iri da kara kaɗai ya halatta masa. Ganye da fure dole a lalata su. To, ganyen da ya tara a rumbu don ƙonawa ya ɓace.

Sufeto Kambai ya duba kwaɗon ƙofar. Ba a fasa ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da yayata Dinatu. Ita ke mini shara."

"In hukuma ta ji ganyen ya ɓace fa?"

"Ba za su yi mini renew na lasisin ba, yallaɓai."

Cikin rumbun, sufeton ya tsuguna. An tsinke ganyen tas, an ɗaure karan dami-dami an jingine a bango, an share ƙasa. Ɓarawon wiwi ba ya shara. Kambai ya san wannan aikin. Haka matan gidansu ke gyaran rama a Kafanchan.

A unguwar Plumstead, Dinatu ta buɗe wa sufeton ƙofar flat ɗinta da ke saman bene, tana ɗingishi.

"Mama, yaushe rabonki da gona?"

"Tun watan jiya, ɗana. Gwiwa ta hana ni."

Takalminta na bakin ƙofa, laka ɗanya a jikinsa. Wani wari na fitowa daga ɗakin kwana. Kambai ya tura ƙofar. Ganye ne shanye a kan zanin gado, kusa da hitar ɗumama ɗaki.

"Rama ce," in ji ta.

"Rama ba ta wannan warin, Mama."

Ta zauna a bakin gado.

"Matan zumuntar cocinmu duk gwiwa ke damunsu, sanyin ƙasar nan. Shi ya sa nake dafa musu. Ban sayar wa kowa ba."

"Rabawar ma laifi ce."

"A garinmu wa ke ƙona ganye? Ko na wake, akuya ake ba."

Obadiah, wanda ya biyo sufeton, yana tsaye a ƙofa.

"Yaya, kin san wahalar da na sha kafin takardar nan ta fito."

"Kai ka ce ba ya bugarwa."

"Ba ya bugarwa. Doka ba ruwanta da wannan."

Kambai bai sa mata ankwa ba. Ya riƙe mata hannu, suka sauka bene a hankali saboda gwiwar.

A ƙasa Obadiah ya tare shi.

"Yallaɓai, da ban kira ku ba fa?"

Sufeton ya buɗe wa Dinatu ƙofar mota.

Kafin a shiga kotu aka soke lasisin. Shukar da ta rage a gonar ta zama haramtacciya, har da irin. Obadiah ne ya kunna mata wuta.