Mai Sarewa a Dutsen Taranaki

Da la'asar sakaliya muke saukowa daga dutsen Taranaki, mu uku: ni, da matata Ngahuia, da Tipene, abokin aikinta da ya liƙe mana tun daga gari, wai shi ya san gandun dajin. Ni fa ban gayyace shi ba. Tun safe yake nuna mata tsuntsaye, yana miƙa mata hannu a kan duwatsu, ita kuma sai ƙyalƙyala dariya take. Ni ina baya da jaka, zuciyata na tafasa.

Kafin mu fito, kakata ta cusa mana gasasshen dankali a aljihu, ni da Ngahuia. Haka ake yi a gidanmu. Aljanun hazo, waɗanda muke kira patupaiarehe, ba sa jure ƙanshin abin da wuta ta taɓa. "Kada ku ci sai kun fito daga dajin," in ji Kaka.

To, a kan wata 'yar gada Tipene ya ce yunwa ta dame shi. Kafin in ankara, Ngahuia ta ciro nata ta ba shi.

"Na Kaka ne fa," na ce.

"Haba Hohepa, sarkin kishi! Har dankalin ma?" in ji ta.

Ya cinye a gabana, yana lasar yatsa. Don haushi na tsuguna kamar ina ɗaure takalmi, na bar su suka yi gaba.

Ina ɗagowa, hazo ya rufe hanya. Fari fat, mai sanyi, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Tsuntsaye suka yi tsit. Ruwa kaɗai ke ɗiga daga rassa.

Sai na ji sarewa.

A hankali take tashi, can gefen hagu, inda babu hanya. Na ji Ngahuia ta yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda nake zaton ni kaɗai na santa. Au, har busa Tipene yake mata? Na dunƙule hannu.

Aka dafa kafaɗata. Tipene ne.

"Ina Ngahuia?" ya ce cikin raɗa. "Na ɗauka wurinka ta dawo."

Sarewar ba ta tsaya ba.

Na kutsa cikin itatuwa, gansakuka na zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Ina kiranta, muryata ba ta wuce hancina.

Na gan ta zaune a kan gungume, ta cire takalmanta, ta kwance gashinta. Mai sarewar yana tsaye a kanta. Dogo ne, fari sol, gashinsa ja, a jiƙe. Sarewar na bakinsa, hannu ɗaya yana shafa wuyanta.

Ƙirjinsa ba ya motsi. Yana busa, amma ba ya numfashi.

Ya dube ni, ya yi murmushi.

Wallahi ba jarumta ce ta tura ni ba, kishi ne tsagwaronsa. Na zaro dankalina, na murƙushe shi, na shafa mata a baki da goshi.

Busar ta yanke. Ya ja da baya yana huci kamar mage, ya toshe hanci. Itatuwan da ke kewaye da mu suka fara raɗe-raɗe, muryoyi da yawa.

Na saɓa ta a kafaɗa na ruga. Wani abu mai sanyi ya kama rigata, ta yage. Ban waiga ba sai da na ga fitilar motarmu, Tipene yana ciki yana kuka.

Tun daga ranar Tipene bai sake tako gidanmu ba, ban kuma ƙara damuwa da shi ba. Ngahuia ta koma aiki, tana ci tana sha. Sai dai duk yammacin da hazo ya sauko a kan dutsen, takan ajiye abin da ke hannunta ta tsaya a taga, leɓenta na motsi.

Rannan na kasa haƙuri. Na riƙe hannunta na ce, "Har yanzu tsoron ne, ko?"

Ba ta juyo ba.

"Hohepa," ta ce a hankali, "me ya sa ka yi saurin zuwa?"