Haifatiron Ba Ya Cikin Ƙamus

"To in ka fi su sani, ka je ka haɗa naka fim ɗin mana! Mutum ya zo kallo, kai kana bayansa kana ta tsaki kamar tsaka."

Karimatu ce ke wannan faɗan, a ƙofar wani gidan silima a Woolwich, ranar Asabar da la'asar, shekarar 1975. Da Turanci ta fara, sai da ta ji saurayin ya ce "ikon Allah" sannan ta gane na gida ne, ta juye Hausa, don faɗa ya fi daɗi da harshen uwa.

"Ranki ya daɗe, ki yi min adalci," in ji shi. "Jirginsu ya maƙale tsakanin taurari, ba mai, ba iska, awa biyu muna jiran mutuwarsu. Sai wani mai furfura ya ce a kunna haifatiron. Aka danna maɓalli, sai ga su a gida. Mene ne haifatiron? Shekara uku ina karatun injiniya ban taɓa jin sa ba."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba a ambace shi a farko ba. In suna da shi, me ya hana su kunnawa tun kafin dodo ya cinye abokinsu? Wannan ai zamba ce."

"Ni dai na yi kuka. Ban damu da kalmar ba, fuskar tsohon na kalla, na ga tsoro ya kama shi da gaske."

Ya tsaya yana kallon ta kamar yau ya fara ganin mace. Ita kuma, yarinyar da ta ce sauri take yi, bas biyu suka wuce ta tana tsaye.

Sunansa Uwaisu Jalo, ɗan Gombe. Lokacin arzikin mai ne, gwamnati na lodin ɗalibai zuwa Ingila kamar buhunan gyaɗa, shi aka turo karatun man fetur. Karimatu kuwa karatun nas take yi. Ubanta Malam Maje mai fassara labarai ne a wani gidan rediyo can wajen Marylebone, suna zaune a hawa na tara a Thamesmead, cikin gidajen kankaren nan masu kama da juna.

Daga nan kowace Asabar sai silima, kuma kullum a fito ana musu. Shi ya ce labarin da ba a shimfiɗa masa tabarma tun farko ba, ƙarshensa sata ne. Ita ta ce ba wanda ya zo don ɗaukar darasi. Ta raɗa masa suna Malam Ba-haka-ba, shi kuma yana ce mata Kyaftin. Wayar gidansu tana gefen kujerar Malam, don haka sai wasiƙa, a miƙa hannu da hannu.

"Kyaftin," ya ce mata wata rana a tashar bas, "kin san ni komai sai na ga dalilinsa. Naki ne kawai na nema na rasa."

"To ka yi tsaki mana."

"Na gwada, bakina ya ƙi."

Amma daɗin bai je ko'ina ba. Akwai Gwaggo Hansai, ƙanwar Malam, wadda ta zo ganin likitan gwiwa na sati uku ta shekara biyu. Gwiwa ta warke, baki ne bai taɓa ciwo ba. Ita tana da nata ɗan takarar, Zailani, ɗan wani ɗan kwangilar siminti, mai mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki.

Ranar da Uwaisu ya je gaisuwa, Malam ya tambaye shi me yake karantawa. Tsoro ya kama bawan Allah, ya dinga zubo manyan kalmomin Turanci na tace mai, ɗaya na bin ɗaya. Malam, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana nema wa Turanci Hausa, ya saurare shi tsaf.

"Yaro, ka iya Hausa?"

"Na iya, Baba."

"To ranar da ka tuna ta, ka dawo."

Da ya fita Malam ya ce wa 'yarsa, "Mutumin da ke ɓuya a bayan kalma, akwai abin da yake ɓoyewa. Ban san gidansu ba, a silima kika tsinto shi. A bar maganar."

Ga shi kuma a watan Yuli karatunsa zai ƙare, gwamnati ta kwashe kayanta. Karimatu ta rame, wuyan rigar aikinta ya yi mata yawa. Ta rubuta masa:

"Malam Ba-haka-ba, na duba ta ko'ina ban ga ƙofa ba. Baba ya ƙi, Gwaggo ta kafe, Zailani ya turo magabatansa su sa rana. Kai da ka san dalilin komai, faɗa min yadda wannan fim ɗin zai ƙare. Taka, Kyaftin."

Ya amsa, don dai ya sa ta dariya:

"Kyaftin ɗina, kada ki ƙara kuka. In komai ya ƙi, ai muna da haifatiron ɗinmu. Da zarar ya fara aiki ba Baba ba, duk duniya sai ta sallama mana. Ki riƙe sirrinmu, ki ci abinci, na ga kin fara canzawa. Naki har abada, U."

Wannan takardar ce Gwaggo ta tsinta a aljihun rigar aikin, wai wanki za ta taya ta. Bokon Gwaggo na yaƙi da jahilci ne, da ƙyar take haɗa baƙi. Ta bi da yatsa har ta iso kan ha, i, fa. Nan ta dafe ƙirji.

"Haifa! Na shiga uku. Ga sirri, ga canzawa, ga haifa!"

Kafin Malam ya sauko daga bas ta buga waya gida uku, kowanne ta ce don Allah kada a faɗa wa kowa. Sati bai zagayo ba maganar ta hau jirgi da wata Hajiya ta sauka Kano.

Karimatu ta rantse, ta yi kuka, ta ce sunan na'ura ne a fim. Malam ya ɗaga mata hannu. Kwana biyu ya yi yana neman kalmar. Tana leƙen sa ta ƙofar kicin, ya baje ƙamus huɗu a tebur, har da na likitoci, yana bin shafi da yatsa. Bai samu ba. Rashin samun ne ya fi tayar masa da hankali.

"Yaya, me kake nema a littafin Nasara?" in ji Gwaggo. "Tiron ɗin ne dai ban sani ba, ƙila sunan ƙwayar ce. Amma haifa ai Hausa ce."

Magabatan Zailani suka aiko cewa a dakata tukuna. Matan da Karimatu ke gaisarwa a kasuwar Woolwich suka koma amsa wa cikinta maimakon fuskarta.

Ranar Lahadi bayan azahar Malam ya sa aka kira Uwaisu. Ya zo ya durƙusa a bakin darduma. Karimatu na rakuɓe a jikin bango, Gwaggo ta gyara zama kamar an zo rabon gado. Malam ya jefa masa takardar.

"Fassara min. Da Hausa."

Uwaisu ya buɗe baki. Karimatu ta ga laɓɓansa sun ɗauko Turanci. Sai ya haɗiye, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba ta fassaruwa."

"Babu kalmar da ba ta fassaruwa."

"Wannan ba ta da ma'ana ne. Masu fim suka ƙirƙire ta. In sun kai mutanensu inda ba mafita, sai su sa wani ya faɗi babbar kalma, ƙofa ta buɗe. Ni na fi kowa tsanar abin, Karimatu shaida ce. Amma da na ga ni ma ba ni da mafita, sai na ara."

"Wato ka yi wasa da sunan 'yata da kalmar da ba ta da ko uba."

"Na yi, Baba. Wallahi ban taɓa ko hannunta ba. Ubana malamin gona ne a Kumo, ba mu da siminti. Ranar da na zo na yi ta Turanci, tsoronka nake ji. Ina son ta, ina so ka ba ni aurenta. Iyakar Hausata ke nan."

Malam ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya juya ga 'yarsa, idonsa ya kaɗa.

"Na yarda da ku," ya ce. "Amma magana ta riga ta isa Kano, ni kuma ba ni da maɓallin da zan danna ta dawo."

"Yaya, ni fa taimako na..."

"Hansai, jirgin Alhamis akwai kujerarki."

Ya rufe ƙamus ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Na ba ka ita. Ku je gida a ɗaura, ƙanena Lawal ne waliyyi. Karatunta saura shekara guda, ta bar shi, ba za ta ƙara bin titin nan ana kallon cikinta ba. Ni kuma ba zan je ba. Ba zan zauna cikin taro mutane na lissafa watanni da yatsu a cikin aljihu ba."

"Baba!" Karimatu ta rarrafa ta riƙe ƙafarsa. "Aurena ba kai?"

Ya ɗora hannu a kanta. Tun rasuwar uwarta bai yi haka ba.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai tsoronsa. Ya sa kuma kada haihuwar ta zo da wuri, ko bakin mutane ya mutu."

"Amin," in ji Uwaisu.

Karimatu ta ɗago ta dube shi ta cikin hawaye. An ba su abin da suka roƙa, amma ba wanda ya iya ko murmushi.

"Malam Ba-haka-ba," ta ce a hankali, "ga shi haifatiron ɗin ya yi aiki."

"Ba haka na so ba, Kyaftin."

Malam ya zare ƙafarsa, ya ɗauki kwat ɗinsa da hula. A bakin ƙofa ya tsaya bai waiwayo ba.

"Kai kuma, in ka sake rubuta wa 'yata takarda, ka rubuta abin da ke cikin ƙamus."

Ya fita, ya bugo ƙofar da ƙarfin da sai da kalandar bango ta faɗo.