Rijiyoyi Bakwai na Ila Ɗan Kwangila

Ni Barmo, shekara talatin na yi ina haƙar rijiya a ƙasar Damargu, kuma har gobe in na ji mutum ya buɗe baki ya ce zai gama babban aiki da wuri kuma da araha, sai in ji raina ya ɓaci. Ku zauna ku ji abin da mijin ƙanwata ya yi. Sunansa Ila. Ban yafe masa ba, kada ma wani ya ɓata bakinsa yana ba ni haƙuri.

A 1975, bayan babban farin da ya cinye dabbobi, wani furoje na nasara ya zo Tanut da aikin rijiyoyin siminti guda bakwai, daga Gangara zuwa Falanko har wajen Belbeji. Sharaɗinsu a gama kafin damina ta sauka. Kun san ƙasarmu, ruwa yana can gaba arba'in ko fiye, kuma aikin ba ya son gaggawa. Ka haƙa tsayin mutum, ka kafa mul, wato zoben ƙarfen da ake zuba siminti a bayansa, ka zuba, sannan ka naɗe hannu ka jira, kana yayyafa masa ruwa har ya kama. Jiran nan shi ne rabin aikin. Rijiya ɗaya tana cin wata huɗu a hannun ƙarti shida.

Manyan ƴan kwangilar Damagaram suka duba takarda, suka ce uku za su iya a rani ɗaya. Ila kuwa, mutumin da jaki biyu da amalanke ne duk dukiyarsa, ya miƙe ya ce shi zai yi bakwai ɗin, kuma a kan rabin abin da suka nema.

Injiniyan furojen, Mushe Toma, wato Malam Toma da Faransanci, Kirista ne mai tsoron Allah. A gabana ya ja shi gefe.

“Malam Ila, abu uku ne a gabanka: yawan aiki, yawan kwanaki, da kuɗi. In ka matse ɗaya, dole ka sassauta wani. Kai ka matse duka ukun. Da me za ka yi?”

“Da ikon Allah, mushe.”

Ku ji bakin da ya ambaci Allah! Nasara dai araha suka gani, suka ba shi. Ni kuma na karɓi shugabancin mahaƙa saboda Kadi, ƙanwata da ke aurensa, da ƴarsu Rakiya mai shekara bakwai.

Wata biyu suka wuce. Rijiya ɗaya ma ba ta kai rabi ba, siminti ya yi ƙasa, Ila ya rame ya yi baƙi. Sai ya ce in raka shi wajen Tenhya mu sayo igiyoyi a hannun makiyaya. Da rana tsaka muka sauka a wani fili da ko tsuntsu ba ya giftawa. A tsakiyarsa akwai matacciyar rijiya irin ta mutanen da, bakinta duk zanen igiya. Aka cillo mana tsani na fata daga ciki, ban ga wanda ya jefo shi ba.

“Ila, wace irin igiya ake sayarwa a nan?”

“Yaya Barmo, don Allah sauko kawai.”

Na sauka, kuma wannan ita ce wautata ta farko. Gaba uku daga sama an fafe kogo a jikin bangon. Iskar wurin sanyi ƙalau, tana warin tsohuwar fata da jini. An rataye tsofaffin wasakai, wato gugunan fata, ƙafe-ƙafe a bango, kowanne da kan akuya busasshe a cikinsa. Ga tulu baƙi an rufe bakinsa da jan ƙyalle, ga ƙwarya cike da rairayi fari sol. Wani boka yana zaune a kan buzu, ɗan tsamurmuri, fuskarsa sumul kamar ta saurayi, amma hannuwansa na tsohon da ya haura ɗari. A gabansa turaku uku a kafe, da ƴar igiya guntuwa.

Bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Ya taɓa turakun ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan aikinka. Wannan kwanakinka. Wannan kuɗinka. Ɗaure su duka da igiyar nan.”

Ila ya gwada. Ta kai biyu, ba ta kai na uku ba. Ya juya ta wata fuska, haka dai.

“Ka gani? Koma ka ce wa nasara uku za ka iya.”

“Baba, in na ce haka na mutu a garin nan. Ni dai a yi mini ƙari. Raguna nawa kake so? Ko raƙumi?”

“Nama nake nema? Kwana ka rasa, yaro. Siminti yana bin ka kwanakinsa, kuma ba ya barin ko ɗaya. Zan sa ya kama maka kafin ka wanke hannu. Zan sa buhu ɗaya ya yi aikin uku. Amma kwanakin sai an biya shi.”

“Daga ina?”

Bokan ya ɗago ya dube ni.

“Wannan ya hau ya riƙe tsani.”

Na hau. Daga sama na ji muryar bokan yana cewa, “Bakwai ka ce?” Ila ya ce bakwai. Bokan ya yi ƙasa da murya ya faɗa masa wani abu da ban ji ba, sannan Ila ya ce, “Babu wata hanya?” Aka ce babu. Bai ƙara tambaya ba. Da ya fito yana ɗauke da ƙwaryar rairayin nan, ya ce mini tsunkule ɗaya za a riƙa sakawa a kowane kwaɓi, shi ke nan.

Wallahi abin ya ci. Mu zuba siminti da hantsi, kafin azahar ya zama dutse, guduma ma tsalle take yi a kansa. Kwaɓin kuwa kusan yashi ne zalla. Cikin kwana goma sha biyar muka taɓa ruwa a rijiyar Gangara. Mushe Toma ya sauka da kansa, ya ƙwanƙwasa bango daga sama har ƙasa, ya fito yana girgiza kai. Ya ce bai ga aibu ba, amma hankalinsa bai kwanta ba.

To mu mahaƙan Damargu muna da al'ada. Ƙwaryar ruwan farko da ta fito daga sabuwar rijiya ba a shan ta a bakin rijiya. Babban mahaƙi ne ke ɗaukarta ya kai gidan mai aikin, ya juye a randa, iyali su sha albarka. Haka muka gada. Don haka da Ila ya ce mini, “Yaya, kada ka manta da randa,” ban ji komai ba. Ni da hannuna na ɗura a gora, na hau jaki har Tanut, na juye. Kadi ta yi guɗa, ta ɗebo ta ba surukarta, ta ba Rakiya, ta sha.

Rijiya ta biyu, ta uku. Ila ya sayi kamyo, wato babbar motar kaya, ya rushe ɗakin ƙasa ya gina na siminti, ya fara sa babbar riga har ranar Talata, ba Juma'a kaɗai ba. Mutanen da ba su amsa sallamarsa a da suka koma durƙusa masa. Uwarsa ta kwanta ta rasu, aka ce ai tsufa ne. Ƙanensa Garba, saurayin da ke kokawa da maraƙi, ya wayi gari gwiwoyinsa ba su ɗaukarsa. A rijiya ta biyar haƙoransa suka zube, ya fara kiran matattu da sunansu yana dariya. Bai kai ta shida ba.

Da na kai ruwan ta bakwai, wata tsohuwa ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Na durƙusa zan gaishe ta.

“Yaya, ni ce fa.”

Kadi! Kadin da na goya, mai shekara ashirin da shida. Kanta fari fat, idanu sun faɗa. Ta ce likita ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba. Sai Rakiya ta leƙo, ta ce, “Kawu, haƙorana da suka faɗi sun ƙi fitowa.” Na cire mata ɗankwali, na ga furfura. Duk da haka, ni jakin duniya, sai da na juye ruwan nan a randa, har ina cewa su sha ko Allah zai sa a dace.

A ranar Ila ya shigo daga Damagaram, gumi sharkaf. Kadi ta rarrafa ta ɗebo masa ruwa a moɗa. Ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji, ya ce a bari, yana da salkarsa a mota. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna tun dawowarmu daga Tenhya ban ga ya kai ruwan gidan nan bakinsa ba, ko alwala a masallaci yake yi. Na zargi wani abu, amma na ce a raina ai an gama, bakwai sun cika.

Ashe bai ƙoshi ba. Nasara sun ji daɗin aiki, suka ce akwai sauran wata guda kafin damina, ko zai ƙara uku? Mushe Toma ya ce a bari sai baɗi. Ila ya sa hannu a takarda tun kafin ya rufe baki.

Ranar da aka taɓa ruwa a ta takwas, wajen Falanko, aka miƙo mini ƙwarya. Mutanena biyu suna ƙasa. Ila yana tsaye a inuwar kamyo.

“Yaya, hau mota in kai ka, rana na yi.”

“Ila, me ke cikin ruwan nan?”

“Ruwa mana.”

“To bisimilla, sha.”

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na matso da ƙwaryar har gemunsa.

“Na ce ka sha, ɗan banza! Uwarka ta sha, Garba ya sha, matarka da ƴarka sun sha. Kai wane ne?”

“Yaya, rage murya. In ruwan nan bai shiga randa kafin rana ta faɗi ba, duk simintin zai koma yashi. Duka rijiyoyin, ba wannan kaɗai ba. Saura biyu fa. In na gama zan kai Kadi asibitin Yamai, wallahi.”

“Ka sani tun a ramin nan?”

“Bokan ya ce kwanaki ne kawai. Ban zaci haka suke da yawa ba.”

“Amma da ka gani ka daina? Uku ka ƙara! To ga shi, kai ka biya na yau.”

Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, “Ni da ke da aiki a gabana, in na tsufa yanzu wa zai ƙarasa?”

Da wuƙa a hannuna da na yanka shi, kuma ba zan yi nadama ba. Na daka wa mahaƙa tsawa su jawo mutanen ƙasa. Da ƙafarsu ta taɓa sama, na ɗaga ƙwaryar na sheƙar da ita a kan rairayi. Ila ya faɗi yana kwasar jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu biyu yana zubawa a hularsa. Na karɓe makullin kamyo, na sa direba ya zaga da ni, muka bi garuruwa muna ihu kowa ya janye daga bakin rijiya.

Da la'asar sakaliya rijiyar Falanko ta rufta. Muna Gangara rana ta faɗi, na ji ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafata, bangon da guduma ba ta iya fasawa ya zube kamar garin gero. Duka takwas suka tafi. Ba a rasa rai ba, sai dai garuruwa takwas sun koma tafiyar yini da jakai neman ruwa, ga dabbobi da aka riga aka taro saboda rijiyoyin. Tsinuwar da suka yi mana ta halatta.

Jandarmomi suka kwashe kamyo, furoje ya karɓe gida. Ba su tsare Ila ba, don babu abin tsarewa. Shekara huɗu yana yawo a kasuwar Tanut tsirara, yana tona ƙasa da farce har yatsunsa suka guntule, duk wanda ya wuce ya kama masa riga ya ce a ara masa kwana uku. A cikin ramin da ya tona aka tsince shi. Ban je jana'izarsa ba.

Na koma Tenhya da gatari, na nemi matacciyar rijiyar nan na rasa. Na yi zaton tun da aikin ya rushe za a mayar da abin da aka ɗauka. Ba a mayar ba. Kadi ta rasu kafin a yi girbi.

Don haka ku saurare ni, ku masu ɗaukar kwangila, da ku masu ba da ita. Duk aikin da aka ce an yi shi da yawa, da wuri, da araha, ku tambaya wa ya biya, don akwai wanda ya biya, kuma galibi ba mai babbar rigar ba ne. In ba za ka iya bakwai ba, ka ce uku, a yi maka dariya, ka koma gida ka ci tuwo da iyalinka. Wanda kwaɗayi ya kai shi ramin boka ba kansa yake kaiwa ba, mutanen da suka amince da shi yake kaiwa, Allah wadaran mai yin haka.

Ku da kuka shigo ɗazu, na ga kun cire takalma kun durƙusa wa tsohuwar da ke zaune a ƙofar ɗaki, kuna ce mata Iya, har ɗayanku ya tambaye ni ko mahaifiyata ce. Rakiya ce. Bana ta cika shekara ashirin.